Yadda Mazaunin Ghana Zai Auna Jikinsa Ya Gane Ko Ciwon Sukari Na Tafe

Tsakanin 2012 da 2015, wasu masana daga Ghana da Turai, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Agyemang na Jami'ar Amstadam, sun auna 'yan Ghana 5,659 masu shekara 25 zuwa 70. Sun bi su wurare biyar: ƙauyukan yankin Ashanti, birnin Kumasi da Obuasi, sannan Amstadam da Barlin da Landan. Ana kiran binciken RODAM, kuma an fitar da sakamakonsa a 2016. A ƙauye, maza 3.6 cikin 100 ne ke da ciwon sukari nau'i na biyu, wato irin da ya fi kama manya, mata kuma 5.5. Da aka shigo birni sai na maza ya haura 10.3, na mata 9.2. A Barlin na maza ya kai 15.3.

Akwai wani abu a cikin waɗannan alƙaluma da ya kamata kowa ya tsaya a kansa. A biranen Ghana, mata 33.9 cikin 100 ne sikeli ya nuna suna da ƙiba mai yawa, maza kuwa 6.9 kacal. Wato matan sun ninka mazan kusan sau biyar a ƙiba. Amma a ciwon sukari mazan ne ma suka ɗan yi gaba. Da a ce nauyi kaɗai ne ke kawo ciwon, da ba haka lissafin zai fito ba. Mazan nan da yawa sun hau sikeli sun sauka hankali kwance, alhali ciwon na cin su.

Yawancin waɗanda aka auna 'yan ƙabilar Akan ne, amma rayuwar birnin da ta jawo musu haka ita ce dai rayuwar Nima da Mamobi da Sabon Zango, da Aboabo da Asawase a Kumasi, da unguwannin Tamale. Abinci ɗaya, zaman shago ɗaya, trotro ɗaya. Shi ya sa na ga ya dace a rubuta wannan da Hausa, mataki-mataki, yadda mutum zai iya yi a ɗakinsa ba tare da ya kashe ko sidi ɗaya ba.

Me ya sa kitsen ciki ya bambanta

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga kitse iri biyu. Akwai wanda ke ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda sai an farke ciki ake ganinsa, ya lulluɓe hanji, ya naɗe ƙoda. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Kitsen cinya da mazaunai yana zaune ne ƙarƙashin fata, ɓarnarsa ga sukarin jini kaɗan ce. Na cikin ciki kuwa ba zama kawai yake yi ba. Yana tsiyayar da maiƙo da wasu sinadarai cikin jijiyar jinin da ke zarcewa kai tsaye zuwa hanta. Hanta ta tara kitse, ta fara zuba sukari cikin jini ko da ba a buƙata, tsokoki kuma su daina jin umarnin insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki. Fankiriyas, gaɓar da ke ƙera insulin ɗin a bayan tumbi, sai ta ƙara himma don ta cike giɓin. Tana iya yin shekaru a haka mutum bai ji komai ba. Ranar da ta gaji, sukari ya hau ya zauna.

Sikeli ba ya ganin inda kitse ya taru. Tef yana gani. Wani binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi ya tarar cewa awon da ke kwatanta ciki da kwatangwalo ya fi awon nauyi rarrabe masu ciwon sukari da marasa shi.

Abin da za ka tanada

Tef ɗin tela wanda bai tsufa ya saki ba, mai santimita a gefe guda da inci a ɗayan. Sikeli, ko na gida ko na kantin magani. Bango mai santsi, littafi mai kauri, fensir, da ƙaramin littafin rubutu da za ka ware don wannan. In da hali a samu wanda zai taya ka, miji da mata ko uwa da 'ya, domin mai auna kansa yakan karkatar da tef ta baya bai sani ba.

Lokacin da ya fi shi ne da safe, bayan an kama ruwa, kafin a karya kumallo. Awon da aka yi bayan an tashi daga kwanon fufu ba abin dogaro ba ne.

Mataki na 1: Tsawo

Cire takalmi da hula, mace ta kwance ɗankwali da tulin gashi. Jingina da bango, dugadugai da mazaunai da kafaɗu suna taɓa shi, ido na kallon gaba. Mai taya ka ya ɗora littafin a kwance kan tsakar kai har gefensa ya haɗu da bango, ya yi alama a ƙasansa, a auna daga ƙasa zuwa alamar da santimita. Babba ba ya buƙatar maimaita wannan sai bayan shekaru. Kada ka ɗauki tsawon da ke jikin katin shaida, sau da yawa kintace ne.

Mataki na 2: Nauyi da lissafin BMI

Ajiye sikeli a daɓe mai tauri, ba kan darduma ba. Hau da tufa marar nauyi, aljihu babu waya babu makullai.

BMI lissafi ne da ke kwatanta nauyi da tsawo. Mayar da tsawonka mita, ka ninka shi da kansa, sannan ka raba nauyinka da abin da ya fito. Mai kilo 70 da tsawon mita 1.70 zai ninka 1.70 sau 1.70 ya samu 2.89, ya raba 70 da 2.89, BMI ɗinsa ya zama 24.2. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama ƙiba ce mai yawa.

An gina waɗannan iyakoki ne galibi a kan binciken da aka yi wa Turawa. A Birtaniya, hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya ta sauko da iyakar ga baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka: daga 23 nauyi ya wuce kima, daga 27.5 ƙiba ce mai yawa, saboda ciwon sukari na kama su a nauyin da bai kai na Turawa ba. Saboda haka in ɗan'uwanka da ke Landan ya ce likita ya gargaɗe shi a kan BMI 24, ba tsananin likita ba ne. Ni a ganina mazaunin Kumasi ma ya riƙe 23 ɗin a ransa.

Rubuta lambar ka wuce. Ita ce mafi rauni cikin awon da za mu yi, domin ba ta bambanta tsoka da kitse. Ɗan dako a kasuwar Kejetia zai iya samun BMI 27 jikinsa duk tsoka, mai zaman kanti ya samu 23 da tumbi a gaba.

Mataki na 3: Zagayen ciki

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi kuskure.

Abu na farko, awon ƙugun da telanka ya rubuta a littafinsa ba shi ake nufi ba. Tela yana auna inda wando ke zama. Namiji in ya ajiye tumbi, wandon sauka yake yi ƙasa ya maƙale a gindin tumbin, awon ya tsaya cak shekara da shekaru, cikin kuwa yana ta girma a samansa. Za ka ji 'ya ta ce, "Baba, bari in auna ka," ya amsa, "Ke dai bari, 'yata. Talatin da shida nake sawa tun kafin a haife ki." Gaskiya ya faɗa game da wandon. A ɗaga tef ɗin sama da yatsu huɗu sai a ga arba'in da ɗaya.

Ga yadda ake yi:

Ɗage riga, tef ya taɓa fata, ko a kan singileti marar kauri. Tsaya a miƙe, ƙafafu kusa da juna, nauyi ya rabu daidai a kansu. Sa yatsa a gefen jikinka ka lalubo haƙarƙari na ƙarshe daga ƙasa. Sannan ka gangaro ka lalubo saman ƙashin kwatangwalo, wanda ake dafawa in an riƙe ƙugu. Tsakanin waɗannan ƙasusuwa biyu akwai wuri mai taushi. Tsakiyarsa daidai nan ne mazaunin tef. Ga mutane da yawa wurin yana ɗan saman cibiya kaɗan, amma kada ka dogara da cibiya, domin in ciki ya yi teɓa cibiyar sauka take yi ƙasa.

Zagaya tef ɗin ya tafi a miƙe, kada ya yi sama ta baya ya yi ƙasa ta gaba. Ya kwanta a jiki, kada ya nutse cikin fata, kada kuma ya yi sako-sako. Yi numfashi biyu ko uku yadda ka saba, sai a karanta a ƙarshen fitar numfashi. Kowa in an sa masa tef sai ya tsuke ciki ba da niyya ba, don haka mai awo ya jira har ya ga cikin ya saki. A auna sau biyu. In bambancin bai wuce santimita 1 ba a ɗauki tsaka-tsakinsu, in ya wuce a sake daga farko.

Ga namiji, daga santimita 94 haɗari ya ƙaru, daga 102 ya yi tsanani. A gefen inci, wajen 37 da 40 ke nan. Ga mace, 80 da 88, wato inci 31 da rabi da kusan inci 35. Kula da gefen tef ɗin da kake karantawa, kada ka haɗa inci da santimita a lissafi guda.

Waɗannan lambobi ma aro ne. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ce a yi amfani da na Turawa ga mutanen Afirka kudu da Sahara har a samu nasu na kansu. Ga namiji ɗan Ghana, kada ya ce ai ban kai 102 ba. In ya doshi 90 ya fara lura. Mata da yawa kuwa za su ga sun wuce 80, musamman bayan haihuwa biyu ko uku. Kada hankali ya tashi tukuna, awon da ke biye ne zai fayyace.

Mataki na 4: Zagayen kwatangwalo

Haɗe ƙafafu, a zagaya tef a wurin da mazaunai suka fi tudu. Mai awo ya tsaya a gefe don ya ga inda ya fi faɗi. A cire zane mai ninki da duk abin da ke ƙara kauri. Sai a raba zagayen ciki da zagayen kwatangwalo. In sakamakon ya kai 0.90 ga namiji, ko 0.85 ga mace, kitse ya taru a ciki fiye da kima.

Wannan awo yana yi wa mata adalci. Macen da Allah Ya yi ta da faɗin ƙasa sikeli zai nuna ta da nauyi, amma in cikinta a ɗame yake lissafin zai fito ƙasa da 0.85. Wadda kuma ƙafafunta sirara ne, mazaunai ba yawa, ciki ya yi gaba, ita ce abin damuwa ko da mutane na ce mata ba ta da jiki.

Mataki na 5: Ciki da tsawo

In mutum zai riƙe awo ɗaya tak, wannan nake so ya riƙe. Zagayen cikinka kada ya kai rabin tsawonka. Raba zagayen ciki da tsawo, duka da santimita. Daga 0.4 zuwa 0.49 lafiya lau. Daga 0.5 zuwa 0.59 haɗari ya ƙaru. Daga 0.6 zuwa sama ya yi yawa ƙwarai. Iyaka ɗaya ce ga mace da namiji, dogo da gajere, kuma hukumar NICE ta shigar da ita cikin ƙa'idojinta a 2022.

Ga iyayenmu da ba sa son lissafi, akwai hanyar igiya. A yanko igiya ko zare mai kauri daidai tsawon mutum daga tsakar kai zuwa ƙasa, a ninka ta biyu, a zagaya ta a wurin da muka nuna. In bakunan sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gaba. Tsohuwa da ba za ta saurari zancen 0.5 ba, in ta ga igiya ta ƙi kaiwa da idonta, ta fahimta.

A haɗa su wuri ɗaya

Ɗauki misalin mutum biyu, miji da mata. Namiji mai tsawon santimita 170, kilo 70, BMI 24.2. A ma'aunin da aka saba, nauyinsa daidai ne. Amma cikinsa 96, kwatangwalo 98. Ciki da kwatangwalo ya ba da 0.98, ciki da tsawo 0.56. Awo uku sun nuna haɗari, sikeli kaɗai ya wanke shi.

Mace mai tsawon santimita 160, kilo 72, BMI 28.1. Sikeli ya ce ta yi nauyi. Cikinta 78, kwatangwalo 108. Lissafi ya ba da 0.72 da 0.49. A gida ita za a riƙa yi wa maganar rage jiki, alhali mijin ne ya fi ta buƙatar gwajin jini a wannan makon. Ba ana nufin nauyinta ba shi da illa ba, gwiwoyi da hawan jini suna nan, amma ta fuskar sukari shi ne a sahun gaba.

Akwai waɗanda awon ciki ba zai faɗi gaskiya a kansu ba: mai juna biyu, mai jego a watannin farko, mai ƙari a mahaifa da ya girma, mai ƙabar ciki, da wanda cikinsa ya kumbura da ruwa saboda ciwon hanta ko zuciya. Yara ma da nasu jadawalin daban a asibiti. Wanda BMI ɗinsa ya kai 35 kuwa ba ya buƙatar tef ya gaya masa komai, kai tsaye ya je gwaji.

Mataki na 6: Abubuwan da tef ba ya gani

Ƙara waɗannan a ƙarƙashin lambobinka. Shekarunka sun kai 40? Uwa ko uba ko wanda kuke ciki ɗaya na da ciwon sukari? Kana da hawan jini? Ke mace, an taɓa ce miki sukarinki ya hau lokacin goyon ciki, ko kin haifi jariri da ya wuce kilo 4? Fatar bayan wuya ko hammata ta yi baƙi ta yi kauri kamar dauɗa, ana cuɗawa ba ta fita? Wannan alama ce ta jiki ya daina jin insulin. Wanda aka haifa ɗan ƙarami, ko ya tashi cikin ƙarancin abinci a ƙauye sannan ya shigo birni ya samu wadata, shi ma haɗarinsa ya fi, ko da bai yi jiki ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma yana damuna. Ƙwayoyin sa ƙiba da 'yan mata ke sha gab da biki, da yawansu akwai dexamethasone ko danginsa a ciki. Wannan magani yana tara kitse a ciki da fuska, yana kuma ɗaga sukarin jini kai tsaye. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da irin wannan sinadari, kuma in an daɗe ana shafa su a duk jiki yana ratsa fata ya shiga jini. Muna ce wa amarya "kin yi kyau, kin murje," muna ce wa maigida "Alhaji, hutu ya karɓe ka," da zuciya ɗaya muke faɗa. Amma yabon nan ya tura mutane da yawa neman jikin da zai cutar da su. Wadda ta daɗe tana shan irin wannan ƙwaya kada ta yanke ta rana ɗaya, yin hakan ma haɗari ne. Ta je ta gaya wa likita gaskiya a janye mata a hankali.

Sannan a yi hattara da ramar da ba a nema ba. Ciwon sukari in ya yi ƙarfi yana zubar da jiki. Wanda ya ga tumbinsa na zabgewa ba tare da ya canza ci ko motsi ba, ga yawan fitsari da dare, ga ƙishirwa, ga gajiya, ga gani ya yi dishi-dishi, ko miki ya ƙi warkewa, ko ƙaiƙayin gaba da ke yawan dawowa, kada ya tsaya murna da awon tef. Asibiti zai nufa a ranar.

Mataki na 7: Gwajin jini

Tef ba ya cewa kana da ciwon sukari, ba ya kuma cewa ba ka da shi. Aikinsa ya tura ka wurin gwaji da wuri. In ko da awo ɗaya ya wuce iyaka, ko kana da biyu daga abubuwan da muka lissafa, je ka a gwada.

Kwana ba ka ci komai ba aƙalla awa 8, ruwa zalla ba laifi. Koko ko shayi da asuba ya ɓata gwajin. A Ghana yawanci da mmol/L ake ba da sakamako. Ƙasa da 5.6 daidai ne. Daga 5.6 zuwa 6.9 an shiga gaɓar da ke gab da ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya daga 6.1 take fara ƙirga wannan gaɓa, likitocin Amurka daga 5.6. Daga 7.0 zuwa sama ciwon sukari ne, in an maimaita wata rana an sake samun haka. In na'urar ta nuna lamba babba kamar 126, da mg/dL take ƙirgawa, raba da 18 ka samu 7.0. Sukarin da ya kai 11.1 a kowane lokaci, tare da alamomin da muka ambata, shi ma ya isa hujja.

Ɗan tsinin yatsa da ake yi a kantin magani ko wurin gwaji kyauta, irin wanda ake yawan shiryawa ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, tantancewa ce ta farko. Tabbatarwa sai a ɗakin gwaji, da jinin da aka ɗiba daga jijiya.

Akwai gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, iyakarsa 6.5 cikin 100. Yana da kyau, amma a Ghana mutane da yawa na ɗauke da jinin AS ko AC, wato irin jinin gado da ake dubawa a gwajin sikila, kuma wannan, da ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro da aka yi kwanan nan, suna iya karkatar da sakamakon. In ka san kana da AS ko AC, faɗa wa likita kafin a zaɓa maka gwaji.

Fara da wurin da ya fi kusa da kai, ƙaramar cibiyar lafiya ta CHPS ko asibitin gunduma. Manyan asibitoci kamar Korle Bu a Akra, Komfo Anokye a Kumasi da Asibitin Koyarwa na Tamale suna da sassan masu ciwon sukari ga wanda aka tura. Sabunta katin inshorar lafiya na NHIS kafin ka tafi, kula da ciwon sukari na cikin abin da ya ƙunsa. A auna maka hawan jini a zama ɗaya, domin su biyun sukan zo tare.

Mataki na 8: Rage cikin

Wanda aka samu a gaɓar gab da ciwo bai makara ba. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa masu irin wannan matsayi da suka nufi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suka kuma riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, kilo 5 zuwa 6 ke nan. Kitsen cikin ciki kuma yana cikin wanda ke saurin narkewa in an fara motsi, don haka tef kan nuna canji tun sikeli bai nuna sosai ba.

Fara da abin sha, nan ne riba ta fi sauri. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi 7 zuwa 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini, 6 ma ya fi. A 2023 gwamnatin Ghana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 kan kayan sha masu zaƙi, amma harajin bai isa robar sobolo da lamurji da burkina da ake haɗawa a gida ba, bai kuma isa butar ataya da matasa ke zagayawa da ita har tsakar dare ba. Tsaya gaban mai koko ka kalli cokalin da take zuba sukari da shi, babba ne, kuma sau biyu take nutsa shi in ba ka yi magana ba. Ce mata, "Hajiya, rabin cokali ya isa." Bayan mako biyu harshe zai saba. Ka haɗa kokon da ƙosai ko gyaɗa maimakon burodin sukari ko fanke.

Sai kwanon abinci. Ba wanda ya ce a bar tuwon zafi ko banku ko dokunu. Malmalar ce za a rage ta koma kamar dunƙulen hannunka, miyar kuma a ƙara: ayoyo, kuka, kuɓewa, alefu, kontomire, da kifi ko ƙwai ko wake. Waakye abinci ne mai kyau saboda waken da ke ciki. Matsalar ita ce abin da ake jibga masa: shinkafa ce a ƙasa, a zuba taliya, a barbaɗa gari, a ɗora soyayyar ayaba, sitaci huɗu a ganye ɗaya. Zaɓi ɗaya daga cikin ƙarin, ka cike gurbin da ganye da ƙwai. Man ja da man gyaɗa a riƙa auna su da cokali. Abinci mai nauyi kuma a ci shi da wuri, kada a ci a kwanta.

Motsi ba sai an je gidan motsa jiki ba. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, saurin da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Sauka daga trotro tasha ɗaya kafin taka. Je masallacin da ya ɗan fi nisa. Mata su haɗu biyu ko uku su zagaya unguwa bayan sallar asuba. Mai zaman shago ya miƙe ya taka duk bayan rabin awa, tafiyar minti 10 bayan cin abinci kuma tana sauke sukarin da ya hau. Ɗamarar matse ciki da shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da TikTok ba sa taɓa kitsen da ke kewaye da hanji. Mai shan sigari ya bari, tana ƙara haɗarin ciwon.

Mataki na 9: Maimaitawa

Auna ciki sau ɗaya a wata, wuri ɗaya, tef ɗaya, lokaci ɗaya na safiya, ka rubuta da kwanan wata. Awon kullum ba ya nuna komai sai kumburin abincin jiya. Saukar santimita 1 a wata ci gaba ne na gaske. Watan azumi da makonnin Sallah a sa ido sosai, domin mutane da yawa suna fita daga azumi da ciki fiye da yadda suka shiga, saboda soye-soye da kayan zaƙin buɗa-baki.

Wanda gwajinsa ya faɗa tsakanin 5.6 da 6.9 ya sake gwadawa duk shekara. Wanda nasa ya fito daidai amma yana da tumbi ko gadon ciwon a gida, kada ya wuce shekara uku bai sake ba, in cikin na ƙaruwa kuma ya gaggauta. Macen da sukarinta ya hau lokacin goyon ciki a gwada ta tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan a ci gaba da bibiya ko da ya sauka.

Wanda aka riga aka tabbatar masa da ciwon ya ci gaba da awon tef, amma tare da maganin da aka rubuta masa. Kada ya ajiye metformin ko allurar insulin don ya ga cikinsa ya ragu ko don wani ya ba shi jiƙo. Ya tafi da littafin awonsa duk ranar ganin likita, kuma tun watan Sha'aban ya tambaya yadda za a daidaita masa magani in zai yi azumi.